Wace ƙaramar tocila ta fi dacewa da aljihu? Amsa ga mai butik na Ali Ɗan Sofo

"Salamu alaikum Malam. Ina da butik a unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi, ina rufewa wajen sha ɗaya na dare in taka zuwa gida, da asuba kuma in fita masallaci. Fitilar waya nake haskawa amma tana cinye min caji, ga kuran ba tabbas. Na ga tocila iri uku a kasuwa: wata ƴar mitsitsiya da ake ratayawa a makulli ana cajinta da igiyar waya, wata siririya mai cin pil ɗaya, da wata mai ɗan kauri mai zum (kan da ake ja a matse haske ko a baza shi) an rubuta lumen 50,000 a kwalinta. Ina da kamar jikka goma. Wacce zan ɗauka wadda zan riƙa yawo da ita kullum?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. In na fahimce ka, ba tocilar farauta kake nema ba, ba kuma ta mai gadi ba, kana son abin da zai zauna aljihun riga ko na wando daga safe har dare, ka ga gabanka a lungu, ka buɗe kwaɗon butik, ka duba canji in kuran ya tafi, kuma kada ya mutu ma daidai lokacin da kake buƙatarshi. Aikina gyaran wayoyi da haɗa pano na sola ne, tocila iri-iri na biyowa ta teburina, don haka abin da zan faɗa ma daga abin da nake gani cikin cikinsu ne in an kwance. Amsar a taƙaice: ɗauki mai pil ɗayan nan, in dai jikinta ƙarfe ne kuma tana da ƙaramin haske da matsakaici. Amma bari in yi ma bayanin dalili, don gobe in ka ga wata sabuwa ka iya yanke hukunci da kanka.

Lambar da ke kan kwali

Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da tocila ke fitarwa gaba ɗaya, kuma shi ne wurin da ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Lissafin ba wuya. Ƙwan LED mai kyau, in ya riga ya shiga cikin tocila da madubinta da komai, yana ba da wajen lumen 100 zuwa 150 a kowane wat ɗaya na wuta. Ke nan lumen 50,000 sai an ba shi wat ɗari uku da wani abu zuwa ɗari biyar, kusan rabin abin da dutsen guga na lantarki ke ja, kuma duk zafin nan a tafin hannunka. Batirin da ke cikin irin wannan tocilar, wanda ake kira 18650, in na ƙwarai ne cike yake da abin da bai wuce wat 11 na awa ɗaya ba, ko 12 da ɗoriya in ya yi yawa. Da a ce zai iya tura wat 500, cikin minti ɗaya da ɗoriya ya ƙare. To ka ga ba ma sai an gwada ba. Akwai tocilolin da ke kai dubban gommai na lumen da gaske, amma manya ne masu ƙwai da yawa da batura da yawa, wasu har fanka gare su a ciki, kuma kuɗinsu ba na jikka goma ba ne. Irin mai zum ɗin da ka gani, in na sa mita na auna wutar da take ja, galibi tsakanin wat biyu da biyar nake samu, wato ƴan ɗaruruwan lumen. Na'urar auna lumen kanta ba ni da ita a shago, wutar da tocila ke ja nake aunawa in yi lissafi, amma kuskuren lissafin ba zai maida ɗari uku ya zama dubu hamsin ba.

Kuma ɗari ukun ma ba kaɗan ba ne, wannan shi ne abin da mutane ba su ganewa. Fitilar wayarka da kake tafiya da ita yanzu gommai kaɗan ce ta lumen. Tafiya a lungu lumen 30 zuwa 60 sun wadatar. Neman makulli cikin ɗaki ba tare da ka tada iyali ba, lumen ɗaya zuwa biyar. Duba bayan gida ko ƙarshen layi in ka ji motsi, 200 zuwa 400. Ido kuma ba ya ganin haske yadda lamba ke hawa, sai ka ninka lumen sau huɗu kafin ido ya ce ma hasken ya ninka sau biyu, amma batir shi sau huɗun nan cif zai biya. Shi ya sa bambancin tocila mai 800 da mai 1,000 ba abin da za ka ƙara ko dala a kai ba ne.

Kamfanonin da ke da mutunci suna bin wata ƙa'ida ta Amurka mai suna ANSI FL1 da anka fitar a 2009, za ka ga ƴan zane-zane a kwali: lumen, awoyin aiki, nisan haske, ruwa, faɗuwa. Ko ita sai ka san karatunta. Awoyin da suke rubutawa ana ƙirga su ne har lokacin da hasken ya sauka zuwa kashi goma cikin ɗari na farkonshi, ba wai awoyin nan duka tana ci da ƙarfinta ba. Nisan kuma ana auna shi ne zuwa inda hasken ya koma kamar na farin wata, wanda a aikace ba ya isa ka gane mutum, don haka in an rubuta mita 100 ka ɗauka za ka ga abu sosai a mita 40 ko 50. Babban hasken da suke kira turbo shi ma na ɗan lokaci ne, ƙaramar tocila ba ta da jikin da zai kwashe zafi, bayan minti ɗaya zuwa uku da kanta take rage wa kanta ƙarfi. Wadda ba ta ragewa ma ita ce abin tsoro, don ƙwan ne ke dahuwa a hankali, yana komawa shuɗi-shuɗi yana dusashewa.

Batir shi ne tocilar

Nan ne zan daɗe, don a Maradi nan ne maganar take. Wutarmu mafi yawanta daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda anka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai cikin Maris na 2024. Ko ba irin wannan, in bazara ta kama watan Afrilu da Mayu kowa ya san yadda ake ɗauke kuran unguwa-unguwa. To tocilar da ba ta da wata hanyar rayuwa sai soket, ranar da ka fi buƙatarta ita ce ranar da take layi ɗaya da wayarka wurin mai caji.

Ƴar makullin nan batirinta a manne yake ciki, ɗan ƙarami ne, yawanci tsakanin 100 da 500 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan). A ƙaramin haske tana yin awoyi, a babban haske rabin awa ma da ƙyar. Ba wannan ne babban aibinta ba. Batirin litiyom yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, zafi kuma na gaggauta tsufan, bayan shekara biyu ko uku sai ka ga ta cika cikin minti goma ta kuma mutu cikin minti goma, wani lokaci jikin ya kumbura har murfin ya ɗaga. Irinsu da yawa an liƙe su da gam ne, kafin ka kai ga batirin ka fasa jikin, girman batirin kuma ba lalle a samu irinshi ba. Sai a yar. Tana da amfaninta, don kullum tana tare da makulli ba a mantawa da ita, amma ta zama ta biyu, kada ta zama ita kaɗai.

Mai pil ɗaya, girman AA, ita ce ke da mafita ta ko'ina. Ba teburin mai shayi ko butik a garin nan, kai har ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, da za ka rasa pil. Kai da kanka kana sayarwa. Sai dai pil iri-iri ne. Masu arha irin su Tiger Head da muka saba sa wa rediyo, na zinki da gawayi ne, ba su iya tura wuta da ƙarfi, a tocilar LED za su yi ma ƙaramin haske lafiya lau amma babban haske nan da nan suke durƙushewa. Alkalin irin Duracell da Energizer sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma dukansu biyun in sun ƙare anka bar su ciki suna zubar da ruwa. Ina yawan karɓar tocilar da in ka kwance gindinta sai ka tarar da farin gari ya daskare a kan sifirin, ya ci ƙarfen ya koma kore, pil ɗin ya kumbura ya maƙale a bututun sai an buga shi da ƙusa ta ɗaya gefen kafin ya fito, wani lokaci ma ruwan ya riga ya gangara kan farantin wutar tocilar ya cinye layukan. Maganin wannan pil mai caji ne na NiMH, irin Eneloop na Panasonic, wajen 1,900 zuwa 2,000 mAh, ba ya yoyo irin na alkalin, yana riƙe caji wata da watanni a ajiye, ana cajinshi ɗaruruwan sau, zafi ma bai dame shi kamar litiyom ba. Ka sayi biyu ko huɗu da ƴar cajarsu mai USB, ɗaya na ciki ɗaya na ajiye, pil na butik ya zama na ranar tsiya kawai.

Akwai kuma batirin litiyom mai girman AA daidai, sunanshi 14500. Wasu tociloli an yi su su ci duka biyun, misali Lumintop Tool AA, da litiyom ta yi haske mai ƙarfi, da pil na kasuwa ta yi madaidaici. In ka samu irin wannan ka gama. Amma ka kiyaye: pil na yau da kullum volt 1.5 ne, NiMH 1.2, shi kuwa 14500 in ya cika volt 4.2 ne. In ba a rubuta a jikin tocila ko takardarta cewa tana ɗaukar 14500 ba ka sa mata, walƙiya ɗaya za ta yi shi ke nan. Kada kuma yara su ɗauka su sa a rimot ko rediyo don sun ga girman ɗaya ne.

Sai 18650, sunan ma awonshi ne, kaurin milimita 18 tsawon 65. Shi ne sarkin ajiyar wuta cikin ukun, ya ninka AA mai caji sau huɗu ko fiye, a lumen 100 yana iya kai ka awa takwas zuwa goma. Matsalarshi jabu. Na gaskiya daga Samsung, LG, Panasonic, Murata ko Molicel iyakarshi wajen 3,500 mAh, duk wanda ka ga an buga wa 6,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, kuma irinsu ne ke zuwa kyauta cikin kwalin mai zum. Ka ɗora shi a ɗan sikelin masu zinari, na ƙwarai gram 45 ne zuwa 48, jabun sau da yawa bai kai 35 ba, wasu in an yanka su sai a tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki an cike sauran wurin. Waɗanda ake cirowa daga tsoffin batiran kwamfuta sun fi jabun nan sau da yawa in an gwada su an tace, amma ba su da kariya a jikinsu, ba na ba wanda bai san kan abin ba. Kuma 18650 ba a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makulli da silalla, in ƙarfe ya haɗa kai da jiki wuta yake kamawa, ba wasa ba. In ledar jikinshi ta yage, ko a sake mishi riga ko a ajiye shi.

Zafi, ƙura da damina

Litiyom ba a son a caja shi in zafinshi ya haura digiri 45, mu kuwa a bazara inuwa ma tana haura 40. Don haka kada a bar tocila ƙarƙashin sirdin moto, ko gaban gilashin mota, ko kan taga ƙarƙashin kwano da rana, kada kuma a jona ta caji a nan. Da dare ko da sassafe ake caji, a kan siminti, ba kan katifa ba.

Ƙura kuma ita ce dalilina na biyu na ƙin mai zum. Kan nan da ake ja gaba a maida baya, duk ja ɗaya iska yake zuƙa ciki, iskar hunturu kuma ka san abin da ke cikinta. Wata biyu sai ka ga gilashin ya yi hazo ta ciki inda hannu ba ya kaiwa, zum ɗin ya fara ƙara yana cijewa. Da damina ta wannan hanyar ruwa ke shiga. Ga shi in ka matse hasken ya zama ɗan murabba'in nan mai zuwa nesa, wanda shi ne ke burge mutane a kasuwa, fiye da rabin hasken a cikin kan yake mutuwa, gefenka kuma duhu ƙirin, ba ka ganin inda kake taka ƙafa. Mai tafiya a ƙasa yana son haske mai tsakiya da kuma bazuwa a gefe. A kwali ka nemi lambar jure ruwa, IPX7 ko IPX8, ko IP67 da IP68 waɗanda lambar 6 ɗin ke nufin ƙura ba ta shiga. IPX4 feshin ruwa kawai take jurewa. In ba a rubuta komai ba, kwance gindin ka duba ko akwai zoben roba a bakin zaren, in babu to ba ruwanta da ruwa.

Launin haske ma ba ado ba ne. Farin nan mai shuɗi-shuɗi, 6500K ko sama (K ɗin ma'aunin launin haske ne), a ido yana kama da ya fi ƙarfi, amma cikin hazo dawo ma yake a fuska, kuma yana wanke launin abubuwa duk su koma toka-toka. Mai 4000K zuwa 5000K, wanda ya ɗan yi ruwan hantsi, ya fi daɗin gani a ƙasa mai yashi. In an rubuta CRI 90 to launuka za su fito kusan yadda suke da rana, ƙwan Nichia na Japan sun yi suna a nan. Ga mai butik amfanin a fili yake, wurin duba takardar kuɗi da dare ko bambance kwalin kaya. Ga mai bin hanyar gona ko bakin Gulbi da damina kuwa ya wuce haka, don kububuwa launin ƙasa gare ta, hasken da ke maida komai toka ba ya taimakonka ka rabe ta da yashi.

Maɓalli da yanayin haske

Wannan ba a cika dubawa ba sai an kai gida. Tociloli masu arha da yawa jerinsu ɗaya ne: babba, matsakaici, ƙarami, sai walƙiya, sai SOS, kuma dole ka bi ta kansu duka kafin ta mutu, ko kuma duk kunnawa ta tashi a na gaba. Ka fito masallaci da asuba ka kunna ta tashi da walƙiya a fuskar dattijo, ai ka ja wa kanka magana. Nemi wadda ke tashi a ƙaramin haske ko take tuna inda ka bar ta. Olight i3T misali, mai pil AAA (wanda bai kai AA girma ba), haske biyu kawai gare ta, lumen 5 da 180, kuma a ƙaramin take tashi, ga wanda ba ya son tarkace wannan tsarin ya isa. Maɓallin gindi mai ƙas-ƙas ya fi min na gefe a aljihu, don na gefe yana kunna kanshi in ka zauna, kuma irin na lantarkin nan yana tsotsar batir kaɗan-kaɗan ko tocilar na kashe. In taka mai maɓallin gefe ce, ka ɗan sassauta gindin kwata ɗin juyi kafin ka sa aljihu, a yawancin masu jikin alminiyom wannan na yanke wutar gaba ɗaya. Maƙalin aljihu kuma kada ka raina shi, wanda ke juyawa baya ma ana maƙala shi a bakin hula mai baki hannu biyu su samu sakewa.

Af, wata magana da ba ka tambaya ba: in ka zo shingen jami'an tsaro da dare, haske ƙasa, ko ka kashe. Haka in moto ko adaidaita na tahowa, kada ka dalle wa direba ido.

Inda shawarata ba ta kai ba

Duk abin da na faɗa na mai yawo cikin gari ne. In da ka ce min gadi kake, ko kana kwana a garke, ko kana ban ruwa da dare a lambu, da na ce AA ta yi ma kaɗan, ka nemi 18650 marar zum irin Convoy S2+ ko Wurkkos FC11 mai cajin USB-C da maganaɗisu a gindi, ka haƙura da nauyinta. A aljihun kaftani irin wannan tana jan riga gefe ɗaya, kwana kaɗan za ka fara barinta a butik, tocilar da ke butik kuma ba ta haska ma lungu. Sunayen da na ambata ma ba ko yaushe ake samunsu a babbar kasuwa ba, sau da yawa sai an yi saƙo Kano ko Yamai ko an yi oda, farashin kuma yana bin naira da kuɗin hanya, kuma sanannun sunaye su ma ana buga jabunsu, don haka suna a jiki kaɗai ba hujja ba ne. Ni kuma ban riƙe waɗannan ukun da ka gani a hannuna ba, siririyar na iya zama ta roba marar kirki.

Saboda haka ranar da za ka saya ka je da pil naka sabo. Ka kwance gindin, zaren ya tafi sumul ba ya cije ba, ka ga zoben roba, ka danna sifirin ka ji yana da ƙarfi. Ka kunna ka bubbuga ta a tafin hannu, in hasken ya yi ƙifta-ƙifta ajiye ta. Ka sa ƙaramin haske ka kaɗa yatsunka da sauri a gabanta, in ka ga yatsun sun rarrabu kamar hoto-hoto to hasken kaɗawa yake, zai gajiyar ma da ido wurin lissafi. Ka bar ta a babban haske minti biyu, kan ya kamata ya yi ɗumi, alamar zafin na fita ta jikin ƙarfen ke nan, wadda ke ihun dubban lumen amma ta zauna sanyi ƙalau ko ba ta jan wutar da ta ce ko zafin na maƙale a kan ƙwan. Jikka gomar kuma kada ka zuba ta duka a tocilar, ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na pil mai caji da caja, in mai kayan ya yarda ka ce za ka dawo da ita gobe in ta ba da matsala a daren farko.